Abin da Bature Ke Nufi In Ya Ce "Touch and Go"

Yaron da ya yi shekara huɗu ko biyar a makaranta, har ya fara jin Turanci, ba a daɗewa ya kan zama tafintan gidansu. In wasiƙa ta zo, shi za a kira. In an sayo magani, shi zai duba abin da aka rubuta a jikin kwalba. In kuwa za a tafi asibiti, sai a ce ya sa rigarsa ya biyo baya, ko da za a gamu da likitan da ba ya jin Hausa. Wannan aiki akwai girma a cikinsa, akwai kuma nauyi, domin duk abin da yaron ya faɗa shi manya za su ɗauka su yi aiki da shi.

A ƙaddara ga wani yaro ɗan aji shida, kakansa yana kwance a asibiti, an yi masa aiki da hantsi. Da la'asar likita ya fito, ya dubi uban yaron, ya ce, "It is touch and go." Uban ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kai, me ya ce?"

Yaron ya san kalmomin nan uku sarai, tun yana aji uku aka koya masa su. Touch, taɓa. And, da. Go, tafi. Sai ya haɗa su ya ce, "Baba, wai a taɓa shi a tafi."

Uban ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya shiga ya dafa goshin tsohon, ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi, sai da safe." Suka kama hanyar gida hankalinsu kwance. Alhali kuwa abin da likita ya ke nufi shi ne tsohon nan yana tsakanin rai da mutuwa, ba wanda ya san ko zai kai safiya, ya kamata 'ya'yansa su tsaya kusa.

Yaron bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Abin da ya kā da shi, bai san cewa kalmomin nan uku in sun haɗu ma'anarsu ta kan sāke ba. Kowane harshe yana da irin waɗannan maganganu. In Bahaushe ya ce wane yana da dogon hannu, baƙon da ke koyon Hausa zai dubi hannun mutumin ya ga daidai ya ke da na kowa, bai san ɓarawo a ke nufi ba. In aka ce cikin wane ya ɗuri ruwa, ba randa ya shanye ba, tsoro ne ya kama shi. Turawa ma suna da nasu da yawa, suna kiran kowace ɗaya idiom. Irin wannan magana a dunƙule a ke koyon ta, kamar kalma guda.

To, ga ma'anar touch and go. Bature ya kan faɗe ta sa'ad da al'amari ya tsaya tsakanin ƙarshe biyu, ɗaya mai kyau ɗaya mummuna, kuma sun yi kusa da juna har abu kaɗan ya isa ya karkatar da shi ko nan ko can, ba kuwa wanda zai iya faɗin inda zai faɗa. Misalinsa kamar yarinya ce ta ɗauko tulu cike da ruwa daga rijiya, ta yi tuntuɓe, tulun ya karkace a kanta. A cikin wannan ƙiftawar ido, tulu bai faɗi ba, bai kuma daidaita ba, masu kallo kowa ya riƙe numfashinsa. Wannan ɗan tsakanin shi ne touch and go. In tulu ya faɗi ya fashe, magana ta ƙare. In ta tare shi ta wuce, nan ma magana ta ƙare.

Yaya aka yi taɓawa da tafiya suka zama sunan irin wannan hali?

Da fari maganar ba ta da wani haɗari a cikinta. A shekarar 1549 wani babban mai wa'azin Kirista na Ingila, sunansa Hugh Latimer, ya yi wa'azi a gaban Sarki Edwad na Shida, wanda a lokacin yaro ne ɗan shekara 11. A cikin wa'azin ya yi amfani da kalmomin nan, yana nufin zai ɗan taɓa kowane sashe na abin da ya ke bayani ya wuce, ba zai daɗe a wuri ɗaya ba. Watau a wancan zamani, da yaron nan na asibiti ya fassara maganar kalma kalma, da bai yi nisa da gaskiya ba.

Daga baya ne ma'anar haɗari ta shigo. Waɗansu suna danganta ta ga masu tuƙin keken doki, domin titunan biranen Ingila na dā matsattsu ne, in keke biyu suka gitta juna da gudu ƙafafunsu su kan gogi juna, wani lokaci a wuce lafiya, wani lokaci a kife. Amma inda maganar ta fi zama daram shi ne a bakin ma'aikatan jirgin ruwa.

Ingila a kan tsibiri ta ke, wanda ruwa ya kewaye, saboda haka maganganun Turawa da yawa daga teku suka fito. Jiragensu na dā na katako ne, ba su da inji. Manyan zannuwa masu kauri a ke ɗaurawa a dogayen sanduna, iska ta buga su ta tura jirgin. A ƙarƙashin kowane jirgi akwai wani dogon katako shimfiɗe tun daga goshi har wutsiya, shi ne kamar ƙashin bayansa, shi ne kuma ya fi kowane sashe nutsewa cikin ruwa. In jirgi ya zo wurin da ruwa ba shi da zurfi, wannan katako shi ke fara taɓa ƙasa.

Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Kwara ko Binuwai da rani ya san yadda abin ya ke. Ana cikin tafiya sai a ji gindin jirgi ya gogi yashi, kowa ya yi tsit, mai tuƙi ya danna gora da ƙarfi. Ko dai jirgin ya zame ya koma cikin zurfi, ko ya kafe. A kwalekwale abin da sauƙi, sai maza su dira su tura. Amma babban jirgi mai ɗauke da mutane da kaya a tsakiyar teku, in ya kafe a kan dutse, raƙuman ruwa su kan yi ta buga shi har ya wargaje. Don haka in jirgi ya taɓa ƙasa ya wuce bai tsaya ba, sai ma'aikatansa su ce an yi touch and go. Wani babban hafsan jiragen ruwan Ingila, William Henry Smyth, ya tattara kalmomin ma'aikatan jirgi a littafi guda, aka buga shi a 1867 bayan rasuwarsa, ya kuwa sa wannan magana a ciki da wannan ma'ana, ya ƙara da cewa a kan faɗe ta ga duk abin da saura ƙiris ya hallaka.

Wanda ya ke so ya ji ɗanɗanon maganar sosai, sai ya ji labarin jirgin da a ke kira Endeavour. Shugabansa Kyaftin Kuk ya tashi da shi daga Ingila a 1768. A watan Yuni na 1770 yana bin gaɓar Ostireliya ta gabas, inda ba wani Bature da ya taɓa zana taswirarta. A wannan wuri akwai duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, sun yi jeri na nisan tafiya mai tsawon gaske. Waɗansu ƙananan halittun ruwa ne ke gina su, suna da kaifi kamar wuƙa, ga shi kuwa daga bisa ba a cika ganin su ba. Ran nan da dare, wajen ƙarfe 11, ana tafiya lami lafiya, sai aka ji jirgi ya daki dutse ya tsaya cik.

Aka tashi kowa. Ƙasa tana da nisa, ƙananan jiragen da ke ɗaure a jikin babban kuwa ba za su ɗauke mutanen duka ba. Kyaftin Kuk ya ba da umurni a rage nauyi. Aka jefa igwa shida cikin teku, aka zubar da duwatsu da ƙarafan da a ke jibgewa a gindin jirgi don ya daidaita, da ganguna, da abincin da ya lalace. Ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu a yini da kwana, saboda haka suka zauna jiran cikarsa, ko ya ɗaga su. Ruwa ya cika da rana, jirgi bai motsa ba. Ga ruwa yana ta shigowa ta inda dutse ya huda, manya da ƙanana suna karɓeɓeniya a bakin famfo suna fitar da shi.

A nan ne abin ya kai intaha. In jirgin ya zauna a kan dutsen, da iska ta taso zai farfashe. In kuwa aka jawo shi ya sauka, mai yiwuwa ne hujin ya buɗe gaba ɗaya, ya nutse da su a cikin zurfi. Kuk ya zaɓi a ja. Da ruwa ya sāke cika da dare, bayan sun yi kusan kwana ɗaya cur a kan dutsen, suka ja igiyoyin anka da iyakar ƙarfinsu, jirgi ya zame ya hau ruwa. Bai nutse ba.

Wani saurayi daga cikin ƙananan hafsoshi ya kawo dabarar da ya taɓa gani a wani jirgi. Aka ɗauki zane ɗaya daga cikin na iska, aka ɗinɗinka masa gashin tumaki da tsumman igiya, aka zura shi da igiyoyi ta ƙarƙashin jirgin. Ruwan da ke kutsawa ciki ya zuƙo zanen ya manne shi a bakin hujin, yoyon ya ragu ƙwarai. A haka suka lallaɓa har bakin wani kogi, suka jawo jirgin kan yashi. Da aka duba gindinsa, sai ga wani guntun murjani ya karye ya maƙale a cikin hujin, ya toshe shi kamar yadda a ke toshe bakin gora. Ashe dutsen da ya huda su shi ne kuma ya taimaka ya hana su nutsewa. Sun yi wajen mako bakwai a wurin suna gyara. Kogin nan har yau sunan jirgin ya ke amsawa, igwa shidan nan kuwa sai a 1969 aka tsamo su daga ƙarƙashin teku.

Jiragen zamani na ƙarfe ne, suna da inji da na'urorin auna zurfi, amma har yanzu su kan taɓa su kāsa wucewa. A watan Maris na 2021 wani ƙaton jirgin kaya mai tsawon mita 400, sunansa Ever Given, ya kafe a mashigin Suwez na ƙasar Masar, ya tare hanya har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko suna jira.

Yanzu dai maganar ta daɗe da barin teku. Likita yana faɗin ta, da manomi, da ɗan kasuwa, da mai karanta labarai a rediyo, galibinsu ba su ko tuna da jirgi. Ga wani abin da ya faru ga yara 'yan makaranta, wanda ya ke nuna lokacin da ta ke dacewa.

Ran 23 ga Yuni, 2018, a arewacin ƙasar Tailan, waɗansu yara 12 'yan ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ƙaraminsu ɗan shekara 11, babbansu ɗan 16, suka gama wasa, suka shiga yawo cikin wani dogon kogo da a ke kira Tham Luang, tare da mai koya musu ƙwallo, saurayi ɗan shekara 25. Suna ciki aka tsuge da ruwan sama, ruwa ya malalo ya cike hanyar fita. Suka yi ta ja da baya har suka sami wani tudu can ƙurya suka hau. Da dare aka tarar da kekunansu a bakin kogon. Kwana tara suna cikin duhu, ba abinci, sai ruwan da ke ɗiga daga jikin dutse su ke sha.

Ran 2 ga Yuli waɗansu gwanayen nutso biyu daga Ingila suka ɓullo daga cikin ruwa a gaban tudun, suka haska fitila, suka ƙirga, 13 cif, duk da rai. Duniya ta ɗauka da murna, mutane da yawa suka zaci an gama. Ashe a nan ne wuyar ta fara. Hanyar fita tana da nisa, wurare da yawa ruwa ya cika ta har rufi, ruwan kuwa jawur da laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, waɗansu wuraren kuma matsattsu ne ainun. Yaran ba su san aikin nutso ba. In an ce su zauna sai damina ta wuce, watanni ke nan, ga shi iskar da su ke shaƙa tana lalacewa. Sashen iska mai rayar da mutum, wanda a sarari ya kan kai kashi 21 cikin 100, a wurinsu ya sauko zuwa kashi 15. Ga kuma hadari yana haɗuwa. Aka kafa famfuna ana zuƙe ruwa dare da rana, manoman wurin suka yarda aka malala shi cikin gonakinsu na shinkafa. Ran 6 ga wata wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya kai tukwanen iska cikin kogon, a kan hanyarsa ta komowa numfashinsa ya ƙare, ya rasu. Ƙwararre ke nan, balle yaro.

Daga ƙarshe aka yanke shawara mai wuya. Wani likita daga Ostireliya, shi ma gwanin nutso, ya shiga har wurinsu. A kan yi wa yaro allurar barci don kada ya firgita a cikin ruwa, a rufe fuskarsa da abin shaƙar iska, mai nutso ya riƙe shi ya yi ta ja cikin duhu. Ba a taɓa yin irin wannan ba. Ran 8 ga Yuli aka fito da huɗu, ran 9 huɗu, ran 10 sauran huɗun da malaminsu.

A cikin kwanakin nan, duk Baturen da aka tambaya labarin yaran zai iya cewa, "It is touch and go." Ran 11 ga wata kuwa sai dai ya ce, "It was touch and go." A lura da wannan da kyau. In an faɗe ta da is, ana cikin halin, ba alkawarin kome a cikinta, domin wanda ya shiga irin wannan hali wani ya kan fita, wani ba ya fita. In kuwa an faɗe ta da was, galibi mai ji ya kan fahimci an sha wuya amma an tsira.

Sai kuma yadda a ke sa ta cikin jimla. Wajen faɗi, touch tana fita kamar tac, ta yi kama da much da such, ba tuc ba ce, ba kuma tauc ba. And kuwa a kan gajarta ta, sai a ji kamar tac an go. Galibi da it a ke fara jimlar:

"It was touch and go for three days." An yi kwana uku ba a san inda abin zai faɗa ba.

"It was touch and go, but the baby lived." An ga tashin hankali, amma jaririn ya rayu.

In ana so a faɗi abin da a ke shakka a kansa, sai a biyo ta da whether, watau ko:

"It is touch and go whether the guinea corn will ripen." Dawa dai sai abin da Allah ya yi, ko ta nuna ko kada ta nuna.

"It was touch and go whether we would catch the train." Saura ƙiris jirgin ƙasa ya tafi ya bar mu.

A kula, whether ɗin nan da weather, watau yanayin gari, faɗinsu kusan ɗaya ne, rubutunsu dabam. Yara da yawa su kan yi asarar maki a nan.

Kalmomin nan uku ba a taɓa su. Yaron da ya ƙware wajen juya go ta koma went ya kan yi zumuɗi ya rubuta, "It touched and went." Wannan ba Turanci ba ne a wannan ma'ana, is ko was kaɗai ke nuna lokaci. Ba a kuma juya su a ce go and touch. In aka sa maganar gaban suna don ta siffanta shi, a kan haɗa kalmomin da 'yan gajerun layuka, kamar a touch-and-go operation, watau aikin likita wanda ba a da tabbacin ƙarshensa.

Akwai inda ba ta shiga. Yaron da ya tsaya a kasuwa yana wasu-wasi ko ya sayi rake ko ya sayi gyaɗa, ba ya cikin touch and go, domin kowanne ya saya ba abin da ya ɓaci, zaɓi kuma yana hannunsa. Wanda bai buɗe littafi ba tun farkon shekara, ranar jarrabawa ba zai ce touch and go ba ne, faɗuwarsa a fili ta ke. Wanda ya dace ya faɗe ta shi ne wanda makinsa ya ke bakin iyaka, maki ɗaya ya haye da shi, maki ɗaya ya bar shi.

Tana da 'yan'uwa a Turanci, yara kuwa su kan rikita su. In mutum da kansa ya ke kasada, yana yin abin da zai jawo masa wahala, sai a ce, "He is skating on thin ice." A ƙasashen sanyi ruwan tafki ya kan daskare ya zama ƙanƙara, mutane su hau suna zamiya don wasa, wanda ya je inda ƙanƙarar ba ta da kauri kuwa ta kan fashe da shi. Wannan magana gargaɗi ce, akwai ɗan zargi a cikinta, touch and go kuwa ba ta ɗora wa kowa laifi. In kuma haɗari ya zo farat ɗaya ya wuce, kamar mota ta gilma ta gaban yaro ba ta buge shi ba, sai a ce a narrow escape, daidai da Bahaushe ya ce ya tsallake rijiya da baya.

Wajen mayar da ita Hausa, ba magana ɗaya da za ta wadatar ko'ina. In ciwo ne mai tsanani, rai kwakwai mutu kwakwai ta yi daidai, ko a ce rai a hannun Allah. In ciniki ne ko shari'a ko amfanin gona, a iya cewa abin ƙila wa ƙala ne. In an riga an tsira, sai a ce an sha da ƙyar. Gaba kura baya sayaki kuwa wani abu ne dabam, domin a can kowace hanya aka bi mummuna ce. Tafinta na kirki ya kan dubi halin da a ke ciki tukuna, sa'an nan ya zaɓi maganar da Bahaushe zai faɗa da bakinsa a wurin.

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan makaranta da ya kamata a ambata. Da yaro ya koyi sabuwar magana irin wannan, sai ya yi ta cusa ta cikin kowane insha'i, har wasiƙar neman izinin zuwa gida ma sai ta shiga, wai don malam ya san ya iya Turanci. Wannan ba ya burge kowa. Su Turawan da kansu su kan faɗe ta a ƙananan abubuwa, kamar kama jirgin ƙasa, amma suna sane da cewa da ɗan ƙarin gishiri su ke yi. Mai koyo gara ya fara sabawa da jin ta, ya gane ta duk inda ta fito, ya ajiye ta sai ranar da ta dace.

Tsohuwar ma'anar nan ta zamanin Latimer, ta taɓa ka wuce, ba ta mutu ba, tana nan a wurin matuƙan jirgin sama. Sauka da tashi su ne suka fi wuyar koyo, saboda haka mai koyo ya kan sauko da jirgi har ƙafafunsa su taɓa ƙasa, sai ya ƙara wuta ya sāke tashi bai tsaya ba, ya kewayo ya sāke, don hannunsa ya faɗa. Wannan ma sunansa touch and go. A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, yaran da ke zaune kusa da filinta sun saba ganin ƙananan jirage suna yin haka. A nan ba wanda ke bakin mutuwa, darasi ne kawai. Wurin da aka faɗi magana da wanda ya faɗe ta su ke nuna ma'anar da a ke nufi.

A koma wajen yaron nan da aka bari a asibiti. A ce bai taɓa jin maganar ba, amma ya lura fuskar likita ba ta yi kama da ta mai ba da albishir ba, ya kuma ji fassarar da ta zo masa ba ta zauna daidai ba. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya ce, "Please, doctor, what does that mean?" Ba abin kunya ba ne, manyan tafintoci ma suna tambaya, likita kuwa zai sāke faɗa masa da kalmomi masu sauƙi.

In kuwa ya riga ya san ta, da uban ya ce, "Kai, me ya ce?" sai ya sassauta murya ya ce, "Baba, ya ce jikin Kaka ya yi tsanani, rai a hannun Allah. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba su san yadda daren nan zai kasance ba. Gara kada mu yi nisa."

Uban zai yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya. Maza ka je gida ka gaya wa baffanka ya zo, ka taho mini da tabarma da buta."